Yadda Za Ka Gano Ciwon Sitiyarin Lantarki Kafin a Yi wa Motarka Filla-filla

Lahadin da ta wuce ina dawowa daga kasuwar Pitowa, Gwaggo na kujerar baya da kajinta, sai sitiyarin Yaris ɗina ya sandare daidai kwanar shiga Garwa. Fitilar P/S ta kama. Motar da nake juyawa da yatsa biyu, ranar sai da na sa ƙirji kamar mai kayar da bijimin Sallah. Kwana huɗu na yi ina zarya tsakanin gareji uku. Ba zan ce ka kashe mota ka sake tayarwa ba, na san ka yi sau bakwai, kowanne da bisimilla.

Na ɗaya, don girman Allah kada ka sayi mai. Sitiyarin lantarki ba shi da famfo, ba shi da tiyo, ba shi da gwangwanin mai. Ɗan moto ne manne a sandar sitiyari ko can ƙasa wajen ƙafa, sai sensa mai auna ƙarfin murɗawar hannunka, da 'yar kwamfuta da ke ƙara maka taimako in kana tafiya sannu, ta rage in ka hau gudu. Tun 1988 Suzuki ta fara sa shi a mota. Duk da haka, a garejin farko yaro ya ɗaga bonet, ya zura kai, ya ɗago ya ce, "Alhaji, man sitiyarinka ya ƙare ƙaf, ko gwangwanin ba a gani." Maigidansa ya aike shi ya sayo. Da na juya baya da an ɗura shi a gwangwanin birki, ya cinye robobin ciki, ana kukan targaɗe ga karaya.

Na biyu, batir. Nan yawancin ciwon yake. Moton nan mayunwacin wuta ne, da zarar ta yi ƙasa kwamfuta ke janye hannunta ta bar ka da ƙarfen. A sa mita. Mota a kashe, lafiyayyen batir yakan nuna wajen 12.6, injin na aiki, tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, tuhumi batir ko altaneto. Ka tuna inda kake zaune. A Maris da Afrilu zafin Garwa na haura 40, batirin da ya biyo mota daga Beljiyam ta tashar Duwala bai taɓa ganin irin wannan rana ba, ruwansa ƙafewa yake yi. Duba kan batir ko ya yi farin gari, duba ko wani bawan Allah ya doka ƙusa a ciki maimakon ya ɗaure noti.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ke ƙona min rai, ta zare kan batir injin na aiki, wai ana gwada altaneto. A Fijo 504 na iyayenmu an yi haka an kwana lafiya, don babu kwamfuta ko ɗaya a cikinta. A motar yau wutar sai ta yi tsalle ta soya abin da kuɗinsa ya fi na babur. Na gani da idona an yi wa motar wani malamin makaranta, mai yin yana murmushi yana cewa, "Malam, ka ga ba ta mutu ba." Injin bai mutu ba, gaskiya ne. Ka riƙe hannun duk wanda ya nufi kan batirinka, ko da sa'an babanka ne. Ka ba shi haƙuri daga baya.

Na uku, fis. Babba ne, yana akwatin da ke kusa da batir. In ya ƙone a nemi dalili, kada a naɗa masa waya.

Na huɗu ya kamata ya zama iskar taya, je wajen mai faci, minti biyar ne. Amma kafin ka isa sai ka ratsa majalisar gindin dalbejiya, waɗanda ba su da mota kuma ba su da shakka. Ɗaya ya ce da Fulatanci sammu ne. Ɗaya ya ce da Faransanci laifin fetur ɗin zuwa-zuwa ne da ake shigowa da shi daga Nijeriya. Fetur! Me ya haɗa fetur da sitiyari? Na uku ya shiga motar ba sallama, ya dinga murɗa sitiyari dama ƙarshe, hagu ƙarshe, mota a tsaye, ƙarfe biyu na rana. Wannan ko lafiyayyen sitiyari aka yi wa sai ya yi tauri, domin moton na ɗaukar zafi, kwamfuta kuma ta rage taimako da gangan don kada ya ƙone. A bar shi ya huce ya dawo daidai. Shi kuwa ya fito yana goge gumi yana cewa ya gano matsalar.

Sai hanya. Duk wanda ya bi titin Garwa zuwa Ngaundare ya san ramukan da ke jiran sa. Kowane rami na kwance noti, yana girgiza soket, yana yaga robar da ke rufe ƙarfen sitiyari. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan Agusta ya biyo baya, tsatsa ta kama. Sannan ka kai wanki, yaro ya saita bakin tiyo mai ƙarfi cikin injin kamar mai kashe gobara. Wa ya ce masa wayoyi na jin ƙishirwa? Wa ya aike shi?

Na biyar ne ko na shida, oho, kwamfutar gwaji. Soket ɗinta mai rami 16 na ƙarƙashin sitiyari. Ka tambaya ko na'urar na shiga ɓangaren sitiyari, don masu arha injin kaɗai suke karantawa. Ka sa a rubuta maka lambar matsalar a takarda kafin a goge. Ni an goge tawa, an karɓi jaka biyar, fitilar ta dawo ban kai gadar Binuwai ba. In fitilar ABS ma na kunne, fara da sensar taya, wataƙila ita ce ta daina gaya wa sitiyari gudun mota. Wayoyi masu ruwan ɗorawa kuwa na balan-balan ɗin hatsari ne, ba a taɓa su sai an cire batir.

A gareji na biyu cewa aka yi sai an sauke sandar gaba ɗaya an aiko da wata daga Yola. A na uku wani dattijo mai wayarin ya sa mita, ya bi baƙar wayar batir da yatsa har inda take ɗaure da jikin mota, ya kankare tsatsa, ya ɗaure da sifana lamba goma. Fitila ta mutu. Ya ce, "Ɗana, ba ni na goro."

Corolla ɗin maƙwabcina tana can garejin na biyu mako uku ke nan, sitiyarinta a kwance cikin kwali, ana jiran saƙon Yola, kuma har yau ba wanda ya auna batirinta. Na ari mitar dattijon. Gobe bayan Asuba za mu je tare.