Neman Dangi a Facebook

Mai son bin salsalar gidansu ta intanet sai ya tanadi haƙuri. Rubuta sunan kakan kakanka, a ce Muhammadu, a Facebook, ka ga jama'a sun zubo kamar Kasuwar Kurmi ranar jajibiri, rabinsu ma hoton mota suka sa maimakon fuska.

Dangin kuwa suna nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da dama sun yi gabas tare da ɗansa Mai Wurno, suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan, har garin ya ci sunansa. Wasu kuma fataucin goro ya ajiye su a Salaga da zangon Kumasi.

In Allah ya haɗa ku, za a sha gaisuwa da Hausa mai gauraye da Larabci. Amma tarihin, wata goggo ce kaɗai ta san shi, ita kuwa ba ruwanta da waya. Kafin a kai mata saƙo, an jefa ka zauren dangi na WhatsApp, har an yanka maka kuɗin ankon bikin wata 'yar'uwa.