Gardin Ƙamus

Da zarar mutum ya biya kuɗin jarrabawar IELTS, sai ka ga ya koma gardi. Ya sayo ƙamus mai kauri, ya kama hadda daga harafin A da niyyar sauka. Ranar jarrabawa ta riske shi yana tsakiyar C.

A ɗakin jarrabawar kuwa babu mai tambayarsa ma'anar kalma. A ɓangaren karatu, nassi uku ne, tambayoyi 40, minti 60. Nassin yana iya zama kan narkewar ƙanƙara ko rayuwar kifayen teku, abubuwan da ba su taɓa hana mutumin Gumel barci ba. Masu tsara tambayoyin ma 'yan duniya ne: ba sa maimaita kalmar da ke cikin nassi, 'yar uwarta suke turowa. Ga kuma tambayar nan mai amsa uku: gaskiya, ƙarya, ko ba a faɗa ba. Ta ukun ita ke sa mai digiri biyu gumi.

Tun shekarar 2000 wata malama, Averil Coxhead, ta tattara dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun jami'a. Da su ya kamata a fara, a haɗa da karatun jarida kullum. Sai dai jerin kyauta ne a intanet, shi ya sa gardin namu yake ganin bai kai matsayinsa ba.