Wanda Ya Faɗi a Kongire Ba Gida Yake Komawa Ba

Ka ce me, malam? A Nijar ba a san rigimar fidda gwani ba? Sake faɗa, wata tirela ce ta wuce ta nufi Maradi, ban ji da kyau ba. Wai mu nan jam'iyya takan zauna cikin natsuwa, manya su yi shawara, a ɗaga hannun mutum guda, a shafa fatiha a watse. Rigima da daliget da rabon dala kuwa sai can kudu, wajen 'yan uwanmu na Najeriya. To madalla. Gyara zama a bencin nan. Dama mahaɗar Takeita ba ta rabo da mai gardama, yau kuma Allah ya haɗa ka da daidai kai.

Na san inda ka samo wannan ƙarfin hali. Rediyo ne. A 2022 ka raba dare kana sauraron yadda APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar da tata miliyan 40. Ka ji Tinubu ya kwashe ƙuri'a 1,271 a Abuja, Amaechi ya samu 316, mataimakin shugaban ƙasa Osinbajo ya tashi da 235. Ka ji Tambuwal ya janye wa Atiku ana dab da jefa ƙuri'a, Wike ya tafi da 237 da baƙin ciki fal ciki. Ka tafa hannu ka ce Allah ya raba mu da irin wannan. Amin. Amma su dai a bainar jama'a suka ƙirga, kowa ya ga tazarar da aka ba shi. Mu ba ma ƙirgawa ne saboda an gama kokawar tun a zaure, kafin a kira mai ɗaukar hoto.

Ka ce ƙarya nake? Mu koma 1991, lokacin da aka kammala Babban Taron Ƙasa. Jam'iyyar MNSD-Nassara na neman shugaba, kuma kowa ya san wanda ya riƙe jam'iyya shi zai riƙe tuta ranar zaɓe. Tsofaffin hafsoshin soja biyu na zamanin Seyni Kunce suka ja daga: Tanja Mamadu da Mumuni Adamu Jarmakoye. Tanja ya yi nasara. Jarmakoye ya rungume shi ya ce Allah ya taya riƙo, ko? Ina! Ya naɗe tabarmarsa ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. A zagayen farko na zaɓen 1993 Tanja ya zo na ɗaya da kashi 34 cikin ɗari, Mahaman Usman na CDS-Rahama na biye da kashi 26 da ɗoriya, Jarmakoye yana can baya da kashi 15. A zagaye na biyu ya ɗauki kashi 15 ɗin nan ya kai cikin ƙawancen AFC, tare da su Mahamadu Isufu. Mahaman Usman ya haye da kashi 54, Jarmakoye ya zama shugaban majalisar dokoki, Tanja ya koma jira har 1999. Ya ci jam'iyya, ƙasa ta kuɓuce masa.

Saboda haka kai Badamagare, kai da ka yi rawa har ƙafa ta kumbura a Maris na 1993, ka rage yi wa wannan rigima tofin Allah tsine. Da 'yan Nassara ba su yi faɗan cikin gida ba, wa ya san ko Nafarko, wato Mahaman Usman ɗan Damagaram, zai zama na farko?

Ka ce ai wancan halin mutanen Doso da Difa ne, su Jarmakoye da Tanja, mu nan Damagaram akwai kunya da kara? Allah sarki. Bari in fara da na kusa. Da aka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a Afrilun 1999, ba a gama karɓar gaisuwa ba jam'iyyarsa RDP-Jama'a ta dare gida biyu kan wanda zai tsaya. Tsofaffin faraministoci biyu ne: Hamid Algabid, mutumin Belbeji da ke cikin jiharmu, da Amadu Sise. Kowa ya kai takardunsa da sunan jam'iyya guda. Kotu ta karɓi na Algabid ta mayar wa Sise nasa. Shi ma bai yi wata-wata ba, ya kafa UDR-Tabbat.

Bai ishe ka ba? A ina aka tuɓe Hama Amadu daga shugabancin MNSD? A Yamai? A'a. A nan birnin Damagaram, tafiyar da ba ta kai ta awa guda a mota daga inda kake zaune ba, ranar 21 ga Fabrairun 2009. Shi yana tsare a kurkuku, aka taru aka ba Seini Umaru kujerarsa, aka naɗa Albade Abuba babban sakatare. Hama ya fito ya tsaya da jam'iyyar Lumana. Bayan 'yan shekaru Seini da Albade su ma suka shaƙe wuyan juna har gaban alƙali, Seini ya riƙe hatimi, Albade ya kafa MPR-Jamhuriya a 2015. Mu muka ba da masauki, mu muka dafa abincin baƙi, sannan ka ce ba mu san zancen ba.

Amma duk wannan somin taɓi ne. Babban labarin yana cikin gidanka, kuma na ga ka fara kallon gefe. CDS-Rahama, jam'iyyar da a shekarun 1990 idan ka zage ta a kasuwar Dole sai ka nemi hanyar gudu. A 2004 Shefu Amadu, faraministan riƙon ƙwarya na 1991 zuwa 1993, ya ga cewa muddin Mahaman Usman na nan tutar ba za ta zo hannunsa ba, ya fice ya kafa RSD-Gaskiya. A 2011, zagaye na biyu, Usman ya ce a bi Seini Umaru, mataimakinsa Abdu Labo ya ce shi Isufu zai bi, ya kuwa samu kujerar ministan cikin gida. Aka shiga kotu, aka fita, aka sake shiga. A 2014 ɓangaren Labo ya yi kongirensa, wato babban taron jam'iyya, ya naɗa shi shugaba. Kafin zaɓen 2016 mutumin da ya shugabanci ƙasa da sunan jam'iyyar nan ya wayi gari a waje, sai aron tuta ya yi a MNRD-Hankuri.

Ka ce ai Maradawa ne suka yi mana wannan aika-aika, Shefu da Labo duka daga can suke? Na san za ka faɗa, tun ɗazu bakinka ke motsi. To ka je Maradi ka faɗa musu, ga mota nan tana lodi. Su ma za su tambaye ka ko an rubuta a wani littafi cewa ɗan takara sai daga Damagaram har abada. Abin dariyar ma yana gaba. Da aka ƙirga ƙuri'un 2016, Labo mai hatimi da tambari da ofis ya samu kashi 2, Usman mai tutar aro ya samu kashi 6. Wanda ya ci jam'iyyar ya tarar jama'ar sun bi wanda aka kora. Su biyun kuma a haɗe ba su kai rabin abin da jam'iyyar ta samu a 1993 ba.

Ka ce Turawa ne suka kawo mana wannan hali tare da akwatin zaɓe? Haba malam, bar Nasara ya huta haka. Sarkin Damagaram Ibrahim da ɗan uwansa Tanimun, 'ya'yan Sulaiman, sai da kowannensu ya hau gadon sarauta sau biyu, wannan ya ture wancan, ana kai ƙara Barno, kafin Tanimun ya zauna daram har 1884. A lokacin ko ƙurar Bafaranshe ba a hango ba.

To in haka ne, ka ce, me ake yi a kongiren? Ka taɓa shiga? An ɗinka atamfa iri guda, mata sun cika gefe ɗaya, matasa da huluna masu hoton mutum guda sun cika ɗaya gefen. Masu kalangu na bakin ƙofa, maroƙi ya riga ya haddace sunan wanda zai yi nasara tun shekaranjiya, har da sunan kakansa. Wakilin kowace jiha ya hau ya karanta takardar goyon baya, Agadas, Difa, Doso, Maradi, Tawa, Tilaberi, Damagaram, Yamai, kalma guda ce ake juyawa. Wanda za a tsayar yana zaune a gaba cikin babbar riga, yana sunkuyar da kai, wai shi abin ya zo masa ba zato. Ɗaurin aure ne da aka riga aka biya sadaki aka kai lefe, kai goro kawai aka kira ka ci. Idan kana son sanin inda aka yi yaƙin, kada ka dubi waɗanda suka zo. Dubi kujerar da ba kowa a sahun gaba, ka tambayi ta wace ce.

Na ji, na ji. PNDS-Tarayya. Ka ce su dai sun yi abinsu lami lafiya, Isufu na kan wa'adinsa na biyu, Bazum Mohamed ya karɓi tuta ranar 31 ga Maris 2019, ba wanda ya ɗaga murya. Gaskiya ne, kusan shekara biyu kafin zaɓe ma. Ba ka tambayi kanka wannan sammako na mene ne ba? Wata biyu kafin nan aka sallami Hasumi Masa'udu daga kujerar ministan kuɗi, babban sakataren jam'iyyar ne fa, kuma jaridun Yamai ba su ɓoye cewa shi ma yana hangen tutar ba. Shi dai ya haɗiye, ya zauna, har ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Bazum a 2021. Na ba ka wannan, kyauta. Kawo na biyu. Ibrahim Yakuba? Shi da aka kora a 2015 ya kafa MPN-Kishin Ƙasa? Sake lale.

Ka ce to duk haukan me suke yi, mutum ya san ba zai ci ba ya zubar da dukiya? Kai ne dai ba ka iya lissafin ba. Tsarin zaɓenmu kafin juyin mulkin 2023 zagaye biyu ne, kuma tun 1993 in ka cire na Ba'are a 1996, ba wanda ya taɓa hayewa a zagayen farko. Don haka zagayen farko shi ne fidda gwaninmu, sai dai na ƙasa baki ɗaya ne, kuma hukumar zaɓe ce ta riƙa ɗaukar nauyinsa. A 2020 mutum 41 suka kai takardu, kotun tsarin mulki ta amince da 30, kowane da ajiyar sefa miliyan 25. Kana zaton su talatin ɗin duka fadar shugaban ƙasa suke hange? Yawancinsu awo suka je, a auna su a gaban kowa, su san da nawa za su shiga ciniki. Bazum ya samu kashi 39, Usman, wannan karon da tutar RDR-Canji, kashi 17. Sai aka fara zirga-zirgar dare. Seini Umaru da Albade Abuba, waɗanda suka sha hawa matakalar kotu saboda juna, suka tsinci kansu a rumfa guda bayan Bazum, Seini ya zama shugaban majalisa. Hama Amadu, da kotu ta hana shi tsayawa, ya tura mutanensa wajen Usman. Zagaye na biyu kuwa tsakanin Usman ɗan birnin Damagaram ne da Bazum ɗan majalisar Tesker, duka jiharmu. Ko ta ina aka juya, a gidanmu ake dambe.

Kada ma ka ce kai ba ruwanka, kallo kawai kake. Ranar da ayarin motoci ya tsaya nan Takeita, wa na gani a gaba yana ɗaga yatsu? Ranar da ayarin abokin hamayyarsa ya tsaya, wa na sake gani, da wata hular? Ka ce ƙaninka ne, kuna kama? To, ku gaida juna. Duk nan Garagumsa an san jaka biyu ta kuɗin mai ba ta tambayar ko hatimi na hannun wa.

Yanzu ka kawo makaminka na ƙarshe: ai zancen ya mutu, sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, kuma a Maris na 2025 Janar Abdurahman Tiani ya sa hannu aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya. Haka ne, sama da ɗari, rana ɗaya. Tanja ya rasu, Jarmakoye ya rasu, Hama ya rasu, Allah ya jiƙansu. Ka ce ke nan idan aka sake buɗe fage, sabbin za su zo da sabon hali, wanda ya faɗi ya taya wanda ya ci yawon kamfe? Ka yarda da haka har zuciyarka? To mu ƙulla a gaban mai shayi, shi ne shaida. Ranar da aka yi kongire na farko, idan wata uku suka cika ba a haifi sabuwar jam'iyya daga cikinsa ba, tsiren ranar kasuwa a wuyana. Idan kuwa aka haifa, kai za ka saya, kuma ban yarda ka aiko ƙanin nan naka mai kama da kai ya ce ka yi tafiya ba.