Kura da Shan Bugu, Kaboyi da Karɓe Kuɗi

Ranar da babu ƙwallo, mai gidan kallon da nake leƙawa a Gangara ba ya barin bencinansa su kwana da yunwa. Sai ya laluba memori, ya zaɓo ɗaya daga cikin abin da 'yan turi suka loda masa a Jibiya ranar Lahadi, ya tada janareta, ya tsaya bakin ƙofa da tafin hannu a buɗe. A haka na ci karo da wani jinsin fim da ban san Allah ya yi ruwan tsironsa ba: kaboyi ne sosai, da malafa da bindiga a ƙugu, amma abokin karawarsa mutum ne mai rikiɗa kyarkeci idan wata ya cika.

Sunan fim ɗin Blood Moon, na 2014, wani Baturen Ingila Jeremy Wooding ya shirya shi. Labarin wai a Kolorado ta Amurka ne a 1887: matafiya cikin keken doki sun yada zango a wani kufai, 'yan fashin banki biyu suka ritsa su, dodo kuma ya ritsa kowa da kowa. Amma ko ƙafa ba a taka Amurka ba. A yankin Kent na Ingila aka ɗauka, a wani ɗan garin katako da masu sha'awar kaboyi suka gina wa kansu don nishaɗi. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1966 wani William Beaudine ya haɗa ɗan bindigar nan Billy the Kid da Dirakula mai shan jini, ya gama ɗauka cikin kwana takwas. Kuma in ka duba, lissafin ya fita: kaboyi ba ya buƙatar komai sai doki da hula da titi ɗaya, dodo kuwa duhu kawai yake so, duhu kuma kyauta ne ko a Turai.

Fim ɗin dai ba abin da za ka sayar da akuya don ka gani ba ne. 'Yan kallon su ne abin kallo.

A bencin gaba, daf da talabijin saboda ido ya yi rauni, akwai Tsohon Kaboyi. Ya yi cirani a Kano yana saurayi, kuma rabin abin da ya samu a ga-ruwa a ƙofar silimar Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai ya bar shi. Shi a wurinsa fim ya ƙare tun daga Jango, mai jan akwatin gawa cikin taɓo. Duk wanda ya ɗaura bindiga bayan Jango kwaikwayo yake yi. Dodon bai dame shi ba, dokin ne ya tsone masa ido. "Wannan doki ne ko kuru? Ko bayan tawagar Durbi ba a sa shi ranar hawan sallah!" Na taɓa gangancin gaya masa cewa Jangon ma ba Ba'amurke ba ne, Franco Nero ne ɗan Italiya, fim ɗin kuma na Italiyawa ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, an haife ka lokacin?" Ban sake ba.

Abokin gabarsa na kusa da shi, Mushe, tsohon malamin lakwal daga wajen Ɗan Isa, wanda ke ƙetarowa cin kasuwa ya kwana biyu wurin surukansa. Mushe ba ya kallon fim sai ya kafa tutar Nijar a kai. Da an hau doki zai gyara tabarau ya sanar da jama'a cewa su a can sun yi nasu kaboyin tun kafin Kano ta san kyamara. Abin haushin, akwai gaskiya a maganarsa. A 1966, shekarar da Jango ya fito, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu, har da mace a cikinsu, Zalika Souley. Mushe ya ba da wannan labari ya fi sau ashirin, kuma kullum Tsohon Kaboyi amsa ɗaya yake ba shi: "To ina akwatin gawar?" A nan ake tashi muhawarar, a ɗage ta zuwa mako mai zuwa.

Sai Tafinta, wanda ba wanda ya naɗa shi. Turancinsa a aji huɗu na firamare ya tsaya ya sha ruwa, amma ya haddace salon 'yan fassarar Algaita, har da kauri da sirantar murya. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in Bature ya yi dogon jawabi, fassararsa "Ya ce ubanka." In kuma ya furta kalma ɗaya tak, sai Tafinta ya buɗe baki ya kawo tarihin gado da rikicin gona da wata yarinya da aka hana akta aure. A bakinsa dodon ya zama yayan bos da aka yi wa sammu saboda filin kakansu. Na san ba haka labarin yake ba. Na kuma san nasa ya fi daɗi, shi ya sa nake zama inda zan ji shi.

Ɗan fito shi ma yana nan, da ƙanshin fetur a rigarsa, waya biyu a hannu, ɗaya layin nan ɗaya layin can. Mutum ne da ke ƙirga shekarunsa da rufe boda: ta Agustan 2019 da ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, da ta Agustan 2023 bayan sojoji sun kifar da Bazoum, wadda ta kai Maris na 2024. Wasu suna kiran waɗannan lokuta wahala, shi kaka yake kiransu. Abin da ya fara ba shi takaici shi ne direban keken dokin. "Kai jama'a, mutum da kaya da fasinja ya bi babban titi? Ba ɓarauniyar hanya a ƙasar tasu?" Da dodon ya fito fili, yara suka ƙanƙame juna, shi kuwa ya matso ya ƙura ido ya yanke hukunci: bargon gwanjo ne guda uku aka ɗinka, irin wanda ake kwancewa a dila a Maraɗi, kuma ya rantse ya hango zif a gadon baya. Da aka zo batun cewa sai azurfa ke kashe irin wannan halitta, sai ya shiga lissafi da yatsu, zoben amarya nawa za a narka a sami harsashi ɗaya, nawa ke nan a sefa, nawa a naira a canjin yau. Ƙarshe ya ce in shi ne, gara ya sasanta da dodon, a riƙa ba shi na goro duk wata kamar kowane shinge.

Amma mai gayya mai aiki shi ne Maharbi. Ya zo da warki da layu har gwiwar hannu, ya zauna gefe ɗaya kamar alƙalin da aka kawo wa shari'ar da ya riga ya san ƙarshenta. Shi ba ya musun cewa mutum na rikiɗa. Wa zai musa? Mun taso muna jin labarin masu zama kura da dare, kuma ba mu kaɗai ba, Barebari ma suna da kalma guda ta musamman, bultungin, ga wannan aiki, Habashawa kuma suna jingina shi ga masu buda. Abin da Maharbi ya ƙi yarda da shi shi ne rashin iya aikin Bature.

"Na farko dai," in ji shi, "mi ya kai shi jiran wata? Kurar da ta ce sai farin wata za ta fita, ai yunwa ta kashe ta kafin sha huɗu ga wata. Duhu ake nema, Malam, duhu. Na biyu, dubi yadda ya kekketa rigarshi. Namu in zai rikiɗa, bayan gari yake zuwa, ya tuɓe, ya ninke kayanshi tsaf, ya ɗora takalmi bisa, ya aza dutse. Wa ke da kuɗin sabuwar riga duk wata? Na ukku, yana tafiya da ƙafa biyu. In da ƙafa biyu za ka tafi, mi ya sa ka wahalar da kanka ka rikiɗa?"

Wani yaro ya tambaye shi ko ya taɓa gamuwa da irinsu. Ya yi murmushin manya. Sau biyu, in ji shi, a dajin da ke tsakaninmu da Madarunfa, kuma bai ɓata ko albarushi ba, sunan yanka kawai ya kira mutumin da shi, nan take gashi ya zube, suka gaisa, ya ara masa wando. Sunan wa? A'a, yana da iyali a garin nan, a bar kaza cikin gashinta. Ni dai abin da na lura, tausayinsa ga wanda ke cikin bargon ya tafi. Shi ya sha zafi, shi ya sha harbi, ba a ko ga fuskarsa ba, ga akta can ya tafi da yarinya da suna. Maharbi ya ce gardawa masu wasa da kura ma haka suke yi, sai dai su ko takunkumi sukan kwance mata ta ci nama.

Ta taga kuma akwai Ustaz, wanda bai shigo ba, don shi ba ya shiga irin wannan wuri. Cajin waya ya kawo. Tun farkon fim yake tsaye yana jiran batir ya cika, yana jan Allah ya kyauta. Da wata ya yi jawur a talabijin, ya kasa daurewa ya leƙo da kai: wannan husufi ne, irin wanda aka gani daren 27 ga Yulin 2018, kuma abin da ake yi salla ce raka'a biyu, ba harbe-harbe ba. Aka ce to Malam an ji. Wayarsa ta cika tun kafin a kashe ɗan fashi na farko. Sai da aka rubuta sunaye ya tafi.

Akwai mai barci, wanda ya biya kuɗi don fanka kawai. Akwai mai cewa "yanzu zai fito" tun minti na biyar, har ya dace sau ɗaya ya juyo yana neman shaida. Mata ba sa zuwa, amma fim ɗin yana isa gare su ta wayar yara. Gwaggona ta kalla rabi, ta ajiye carbi ta ce, "Wayyo, ɗan wani ne fa. Ba su da mai ruƙiyya a garin?"

Jarumin Baki kuwa kowa ya san shi. Shi ke dariya mafi ƙarfi, shi ke cewa da shi ne da mari ɗaya zai kwance wa dodon haƙora. In an tashi sai ka ga yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya, yana jiran wanda za su yi hanya ɗaya. Ranar nan kare ya yi haushi bayan masallaci, aka tsinci silifas ɗinsa ɗaya da safe, ɗayan har yau.

Abu ɗaya ne ba a yi wa dariya. Duk lokacin da kaboyi zai zaro bindiga, mai gidan kallo na tsaye da rimot, yana rage murya har ƙasa. Kurma-kurma muke kallon faɗan, bakin bindiga na tartsatsi ba ƙara. Bai taɓa bayani ba, ba wanda ya taɓa tambaya. A ƙasar Jibiya, inda aka katse layin waya a Satumbar 2021 saboda mutanen daji, ƙarar harbi da dare ba ta tsayawa a cikin zaure. Maƙwabciya za ta goya yaro ta nufi gona kafin a ce mata talabijin ne.

Can bencin baya akwai wani dattijo da ya taso daga wani ƙauye ta wajen Gurbin Ɓaure, yana zaune wurin ƙanensa shekara ta uku ke nan. Ba ya magana, ba ya dariya, goro kawai yake ɓantara. Daren nan, da Maharbi ya gama kushe dodon Bature, sai muka ji muryarsa a karon farko.

"Ni kuwa na ga kirkinshi. Gashi na fito mashi, farce na fito mashi, tun daga nesa ka san ko wane ne. Namu da rana tare kuke shan shayi, ya tambaye ka ya mai jiki, nawa ka saida sa. Da dare ya hau tudu ya buga waya."

Tafinta ya buɗe baki, ya rasa abin da zai fassara. Ɗan fito ya duba wayoyinsa biyu, ya tura su aljihu. Mai gidan kallo ya kashe talabijin ya ce gobe akwai Arsenal ƙarfe takwas, kowa ya zo da canji. Muka fito, wata ya yi fari tas har kana ganin karan dawa a gonakin da ke hayin Nijar, Jarumin Baki na biye da Maharbi taku da taku.