Sabulu Ba Ya Ɗaure Fambel

Ni dai a ganina, babu wanda ake zalunta a tashar Malam Madori kamar fambel. Mota za ta tashi da asuba ta nufi Hadejia ko Gumel, shi kuma yana ta ƙiii kamar ɗan akuyan da aka raba da uwarsa, direba ko a jikinsa. Sai ƙarar ta fara ba shi kunya a gaban fasinja, sannan ya ce wa yaron mota ya goga masa sabulu ko ya ɗiga masa mai. Fambel ɗin yakan yi shiru kuwa, a ce an yi maganinsa. Ni kuma na ce bakinsa kawai aka toshe, domin kukan nan zamewa ce: robar ta saki, tana santsi a kan fuli. Shi ke juya altaneta mai cajin batir, a motoci da yawa har da watafam mai zagaya da ruwa cikin inji. Wanda ke zamewa ka ƙara masa santsi, ina dabarar? Man ma cin robar yake yi.

Ƙasar tamu kuma ba ta raga wa roba. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu ta goge ta, damina ta zo Kogin Hadejia ya yi ambaliya irin ta 2020 da 2022, motocin Golf da Sharon su koma kwale-kwale, laka ta cika fuli. Duba fambel ɗin kuwa ko sisi ba ya ci. A kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu, saboda yaron mota bai san yatsun maigidansa na ciki ba. A danna tsakiyar bel ɗin da babban yatsa, inda ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. In ya lotsa kamar santimita 1, lafiya lau. In ya wuce haka, a sassauta notin altaneta, a ja ta baya, a ɗaure. Wanda cikinsa ya tsattsage ko yake ƙyalli, ya gama aiki, sai sabo. Motar da ke da abin ja mai sifirin ita ke ɗaure kanta, can sifirin ɗin ake tuhuma.

Na san abin da direba zai ce: "Malam, ai tana tafiya." Gaskiya ne, tana tafiya, har lokacin da jar fitilar batir za ta kama, inji ya yi obahitin, fasinjan da ya biya kuɗin zama ya sauko yana turi da babbar riga. Kuɗin fambel kuwa bai kama ƙafar na gasket da ladan bakanike ba. Wani kuma ya yarda da ni har ya zarce: tunda saki ne matsalar, sai ya sa ƙarfen taya ya ja shi tamau. Wannan boris ɗin altaneta da na watafam yake kashewa, ƙarar ta tashi daga ƙiii ta koma gurnani. Sabon bel ma yakan miƙe bayan 'yan kwanaki, sai an sake danna shi, ko da bakanike ya rantse da rawanin ubansa cewa ya ɗaure.