Mas'alar Kazar Da Ta Haɗiye Washa

Ina rubuta wannan ne alhali baƙin mai bai gama fita daga ƙarƙashin farcena ba, kuma kunyar da na sha jiya bayan La'asar a ƙofar gidana ba ta bar ni na runtsa ba. Asalin al'amarin shi ne na'urar sanyi ta motata, wata tsohuwa 'yar Kwatano, ta ɗauki wata ɗabi'a tun da bazara ta kama: da safe sanyi kamar ruwan randa, amma da zarar rana ta take, zafin Kano na watan Afrilu ya haura digiri 40, sai ta koma busa iska irin ta zugazugin maƙeri. Bakanike ya duba ya ce gas bai ƙare ba, kulocin kwamfuresa ne ya ci. Ya yanka kuɗinsa, ni kuwa na ƙudura a raina cewa mutumin da ya shekara 20 yana koyar da nahawu, noti ɗaya ba zai gagare shi ba.

Shi wannan kuloci, ga wanda Allah bai jarrabce shi da saninsa ba, abu uku ne: fuli wanda bel ke juyawa muddin inji na aiki, da koyil a bayansa wanda ke zama maganaɗisu idan wutar batir ta shige shi, da faranti a gaba wanda maganaɗisun ke fizgowa ya manne da fuli, a ji ƙas, kwamfuresa ta kama aiki. Tsakanin faranti da fuli akwai tazara wadda bai kamata ta wuce kamar rabin milimita ba. Idan shekaru suka cinye ƙarfen ta faɗaɗa, koyil kuma ya yi zafi ƙarfinsa ya ragu, sai jan ya gaza. Maganin kuwa, a kwance notin tsakiya, a zare faranti, a rage ɗaya daga cikin 'yan washoshin da ke bayansa, waɗanda faɗin kowannensu bai kai anini ba. Na sami biyu, mai kauri da siriri, lissafi ya nuna siririn zan mayar, sai na ajiye shi bisa wani dutse, a inda, a zatona, babu mahaluƙin da zai taɓa shi.

To, a nan ne ƙaddara ta zo da ƙafa biyu. Kajin maƙwabciyata uku, dukansu jajaye, kai ka ce ƙwai ɗaya ya haife su, suna kiwo a gindin katanga. Ɗaya ta taho a natse kamar mai zuwa gaisuwa, ta tsaya gaban dutsen, ta karkatar da kai, ta dubi washa da ido ɗaya, ta juya ta sake dubansa da ɗayan, kamar alƙalin da ba ya yanke hukunci sai da shaidu biyu. Ina kallonta. Wallahi ina kallonta, hannuna ɗaya riƙe da faranti, ɗayan da sifana mai lamba 10, bakina a buɗe, amma kalmar kora, wadda yaron goye ma ya iya, ta ɓace mini ɗungum. Ta sara sau ɗaya, ta ɗaga wuya sama, na ga abin yana gangarawa a maƙogwaronta sannu a hankali; kuma tun jiya, duk sa'ad da na rufe ido, wannan gangarawar nake gani, da yadda ta goge bakinta a ƙasa hagu da dama bayan ta gama, ta koma cikin 'yan'uwanta ta saje. Sai a lokacin muryata ta dawo, na yi salati da ƙarfin da ya tara unguwa.

Cikin waɗanda suka taru akwai wani dattijo mai zaman dakali, wanda zan sakaya sunansa saboda haƙƙin maƙwabtaka, mutumin da bai taɓa tuƙa ko keke ba amma babu fannin da ba shi da fatawa a cikinsa. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ai magabata ba su bar mana komai ba. Malaman fiƙihu sun tattauna mas'alar kazar da ta haɗiye lu'ulu'un wani: ana duba wanda ya fi daraja, mai shi ya biya ƙimar ɗayan ya riƙe duka. To, nawa ne washan nan?" Na ce ko a Ƙofar Ruwa ba na jin za a karɓi kuɗin kirki a kansa, samun daidai kaurinsa ne aiki. Ya ce, "Madalla, ƙiyasi ya fito sarari. Kaza ta fi daraja, saboda haka mai kaza za ta biya ka, washa ya zama nata halak malak." Na ce, "Baba, ni ba diyya nake nema ba, sanyi nake nema." Ya ce wannan kuma wani babi ne daban.

Bai tsaya nan ba, domin da ya ga hukuncin bai sanyaya mini rai ba, sai ya koma ɗibbu. Ya bayyana wa jama'a cewa kaza ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta niƙa hatsi a ƙundunta, don haka washa ba zai fito ba sai ya ƙara sirancewa, wanda a ganinsa alheri ne, tun da dama siriri nake so. Wani ya ce a yanka su duka uku. Mai kaji ta ba da amsa daga bayan katanga da kalmomin da ba su dace da takarda ba. Daga ƙarshe dattijon ya yi ijtihadi: tun da maganaɗisu ke jan faranti, ai zai ja washa, a kawo na tsohuwar rediyo, a ɗora wa kowace kaza a ƙirji, wadda ta manne ita ce mai laifi. Abin da ba zan yafe wa kaina ba shi ne na yarda.

Kama ta farko ya ci mini rubu'in sa'a, da gwiwar wando, da ƙulu a goshi, domin ƙarƙashin motar ta shige na bi ta. Ina durƙushe cikin rairayi, fuska duk baƙin mai, kaza a hammata tana kururuwa, ina goga mata maganaɗisu a ƙirji, na kuma kara kunne ko zan ji ƙas, sai jama'a suka yi tsit suka dare, na ga takalma biyu da na sani sun tsaya a gabana. Surukina ne, uban matata, wanda tun ranar ɗaurin aure ban taɓa yarda ya gan ni ko da babu hula ba. Ya yi sallama, na amsa daga ƙasa, na rasa ko kazar zan saki ko maganaɗisun, sai na riƙe su duka na ce, "Baba, sannu da zuwa." Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya tambaya cikin tausasawa ko kazar ce ba ta da lafiya.

Dattijon dakali ya riga ni amsawa. "A'a, Alhaji," in ji shi, "sanyin mota muke gyarawa. Saura biyu."