Brian May: Makaɗin da Ya Yi Jinkirin Miƙa Kundi

Brian May, wanda aka haifa a Ingila a 1947, shi ne makaɗin jita na ƙungiyar Queen, mai kiɗan rok, wato salon nan da ake jona kayan kiɗa da lantarki domin maƙwabta su ji ko ba su so. Da yake kuɗin sayen jita sun gagara, shi da mahaifinsa suka sassaƙa wata daga katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, kuma da tsohon kwabo na sisi yake kaɗa ta, abin da ya sa ba a iya zarginsa da almubazzaranci.

A 1974 ya jingine digirinsa na uku a kan ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyi, saboda kiɗa ya fara kawo abinci, kuma bai kammala ba sai a 2007, a Kwalejin Imperial ta Landan. Ƙurar ba ta je ko'ina ba, don haka ya tarar da ita tana jiransa, alhali ɗalibin da bai cika filayen wasa da 'yan kallo ba da tuni an sallame shi.